Zoɓo a Kwalbar Giya

Ranar Laraba da rana tsaka, ana cikin hidimar gasar cin kofin duniya, aka buɗe kwalbar giya a gaban manyan baƙi a otal ɗin da su Gado suke gadi a Doha, aka tsiyaya a kofi, sai ga zoɓo. Zoɓo dai da ka sani na sani, ko sukari babu. Baturen da ke kula da giyar otal ɗin, wanda ma'aikata ke kira Mai Hanci don ba ya kai komai baki sai ya shinshina, ya ruga ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa yana jujjuya kwalabe kamar wanda aljanu suka buge. Layin gaba lafiya lau. Na baya kuwa, kwalba arba'in da ɗaya, duk an farke bakinsu, an ɗura zoɓo, an mayar da toshiya.

Ba a yi awa guda ba aka samu mai laifi. Ai dama samun mai laifi ba ya wuya idan akwai baƙin mutum mai yunifom a kusa. Ɗalhatu ne ke gadin lungun da ɗakin yake, shi ke riƙe da makulli, kuma da aka buɗe lokarsa sai ga rabin buhun busasshen zoɓo. Kyamarar lungun an cire ta tun watan jiya an kai bakin ƙofar shiga saboda cunkoson 'yan ƙwallo. Manaja ya ce khalas, magana ta ƙare: ya sayar da giya a ɓoye, ya cike gurbin da abin shan garinsu. Aka kulle shi a ɗan ɗakin masu gadi. Abin da kawai ya hana a kira 'yan sanda nan take shi ne manaja ba ya son baƙi su ga motar hukuma a ƙofa. Ya ce ranar Juma'a da la'asar, idan kowa ya tafi kallon wasa, za a miƙa shi. Daga can sai kurkuku, daga kurkuku sai jirgin Kano.

Gado shi ne shugaban masu gadin rana, kuma Ɗalhatu ƙanin matarsa Safiya ne. Shi ya yi faɗi-tashi ya kawo shi ƙasar nan shekara huɗu da suka wuce. Abin da ya fi ƙona masa rai ma ba manajan ba ne, 'yan'uwansa Hausawa ne. Kafin a yi la'asar wani ɗan banza ya riga ya tura saƙon murya gida, wai an kama Ɗalhatu yana sayar da giya a ƙasar Larabawa. Safiya ta bugo tana kuka, ta ce maganar ta shiga Funtuwa, har an je an tsegunta wa tsohuwarsu. Mutumin da ko lemun kwalba ba ya sha saboda hawan jini, yau shi ne ɗan giya.

Gado ya je wurin manaja ya roƙi a ba shi zuwa Juma'ar. Manajan ya kalle shi sheƙeƙe, ya tambaye shi ko shi ɗan sanda ne. Gado ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya ce a'a, amma mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne a dajin Ɗansadau, kuma tun yana shekara tara yake binsa. Manajan ya yi dariya, ya ce yalla, ya je ya nemo shanunsa.

*

Ya fara da Ɗalhatu. Ya same shi zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, abincin da aka ajiye masa ko taɓawa bai yi ba. Gado bai lallashe shi ba, faɗa ya hau shi da shi. Wane irin sakarai ne zai ajiye buhun zoɓo a loka? Ɗalhatu ya ce likita ne ya ce ya riƙa sha ba sukari, a kasuwar Souq Waqif yake sayowa, kuma kowa ya sani, don ba wanda bai taɓa ɗiba ba. Makulli fa? Ya ce yana ƙugunsa daga safe zuwa yamma, sai dai awa ɗaya ta cin abinci da yake rataye shi a ƙusa ya bar wa duk wanda aka turo ya riƙe masa wurin. Gado ya san su waye, shi ke tura su: wani lokaci Shamsu, wani lokaci Malam Mijinyawa, limaminsu.

“Yaya, ni ba tafiyar ke damuna ba,” in ji Ɗalhatu. “Inna ta ji. Da wace fuska zan shiga gidan nan?”

Gado ya juya. Ya ja ƙofa da ƙarfi har ƙyauren ya girgiza.

*

Mai Hanci yana zaune a matakalar ɗakin ajiya, idonsa ja wur, sai ka rantse mutuwa aka yi masa. Gado ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Mutum yana kulle a ɗaki, wannan yana makokin ruwan inabi. Amma ya daure ya tambaye shi me wannan giya take da shi da ta fi sauran.

Ashe neman mai tambaya yake. Ya ce sunanta kabane sobinyon, kuma yarinya ce ɗanya. Lokacin korona ya sayo ta, sa'ad da aka rufe komai aka mayar da otal ɗin wurin killace matafiya, ba don a sha a lokacin ba. Ya ce irin wannan giya in tana sabuwa bauri ne da ita, tana kama harshe da dasashi, tana ƙamshin baƙin 'ya'yan itace da koren tattasai, kuma ba mai jin daɗinta sai wanda ya san abin da za ta zama. Sai an kwantar da ita a kan haƙarƙarinta cikin sanyi da duhu, shekara takwas, shekara goma, baurin ya kwanta, ta yi laushi. Duk wata shida yakan buɗe ɗaya daga layin gaba ya ji inda ta kai. A watan Mayu ya ji ta fara saki. Ranar Larabar ma ba shi ya so a buɗe ba, manaja ne ya matsa don ya burge baƙi, wani ma'aikaci mai gaggawa ya zaro daga baya.

Gado ya ce ashe dai ɗanyar kanya ce ake jira ta nuna. Baturen bai san kanya ba, amma ya gyaɗa kai.

Sai ya faɗi abin da ya tsaya wa Gado a rai. Ya ce ya taɓa ganin satar giya a ƙasashe uku, kuma ɓarawo kullum yana cike gurbi da giya mai arha, ko ya bar ɗan saura a gindin kwalba don ƙamshi ya ruɗi mutane. Wannan kuwa ya shinshina kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ko burbushin ƙamshin giya babu. An wanke su fes, an sake wankewa, har takardun jikinsu sun yamutse saboda ruwa.

Gado ya ce ya matsa masa ya ga ɗakin.

Ɗaki ne dogo mai sanyi kamar cikin randa. An shimfiɗa yashi a ƙasa, ana yayyafa masa ruwa duk mako don kada toshiyar kwalabe ta bushe, an jera katako a tsakiya don a taka. Tsakanin dokin ƙofa da katakon farko akwai tazarar yashi kamar kamu ɗaya. Gado bai shiga ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwantar da fitilar wayarsa a ƙasa yadda hasken zai shafi yashin ta gefe, kamar yadda tsohonsa yake jiran rana ta yi ƙasa kafin ya duba sawu. Ya daɗe a haka har ƙafarsa ta yi sanyi. Takalman duk iri ɗaya ne, na kamfani, wanda kowane mai gadi da kowane ɗan dako ke sawa, don haka zanen tafin ba zai gaya masa komai ba. Amma ya ga wani abu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya sa Mai Hanci ya shiga ya fito sau uku yana kallo. Baturen yakan tsallake yashin ne kai tsaye ya dira a katako, ko tunani ba ya yi.

A ƙuryar ɗakin akwai magudanar ruwa da famfo. Gado ya leƙa. An goge wurin har yana ƙyalli, amma a tsagar siminti akwai jan tabo da ya ƙi fita.

*

Da yamma a gidan da kamfani ya kama musu a unguwar Al Thumama, kowa ya zama alƙali. Masu cewa Ɗalhatu ne sun fi yawa, har da waɗanda suka sha zoɓonsa. Masu ɗan sauran kunya suka ce a duba Bawah, mutumin Kumasi da ke aiki a kicin, tunda shi ke dafa zoɓo yana sayar wa ma'aikata a gora. Ai baƙo ne, Hausarsa ma a karkace take. Wasu kuma suka ce Shamsu, don an taɓa ganinsa yana rawa da 'yan kallon Brazil a bakin titi, kamar rawa ita ce shaidar sata.

Malam Mijinyawa ne ya tsawatar. Tun lokacin korona, da aka rufe masallatai, shi ya tara su a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin otal, ya shimfiɗa kwalaye, ya ja su salla nesa-nesa da juna, kuma tun daga nan ba a kiransa sai da Malam. Ya ce a daina cin naman mutum, a yi wa Ɗalhatu addu'ar shiriya, wanda ya kusanci ƙazanta dama sai ta taɓa shi. Kowa ya ce amin. Gado kaɗai bai ce ba. Addu'ar shiriya ai hukunci ce da aka naɗe da rawani.

Washegari ya tare Bawah a bayan kicin. Bawah ya ajiye wuƙa ya zazzaga masa masifa, ya ce duk abin da ya lalace a otal ɗin nan sai 'yan Najeriya su tuna da akwai ɗan Gana. Ya ɗauko gora ya dangwara masa a gaba, ya ce ya sha. Gado ya kurɓa. Citta, kanumfari, ɓawon abarba, sukari kamar a kashe mutum. Bawah ya ce shi ko a mafarki ba ya dafa zoɓo lami, kuma in ka ɗura nasa a kwalba ka toshe, kwana huɗu ya isa ya yi tsami ya harba toshiyar sama, ya zama giyar kansa. Duk mai dafa zoɓo ya san wannan.

Gado ya tsaya cak da gorar a hannu. Ya tambaye shi, to wanda ya ƙi sa sukari fa? Bawah ya ɗaga kafaɗa, ya ce ko mai hawan jini ne, ko wanda ba ya son abin ya zama giya.

Shamsu bai ci masa minti biyar ba. Ya rantse bai taɓa taka ɗakin ba, sanyin wurin ma tayar masa da asma yake. Gado ya dubi ƙafarsa. Shamsu ƙato ne, takalminsa kamar kwale-kwale, sawun da ke yashi kuwa na matsakaicin mutum ne, kamar Ɗalhatu, kamar rabin ma'aikatan otal ɗin.

Ranar nan Gado bai iya cin abinci ba. Ya riga ya sani, kuma bai so ya sani ba. Da aka tayar da sallar azahar a wurin ajiye motoci ya bi sahu, amma ya kasa tuna ko raka'a nawa aka yi.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gari ya ɗauki ganguna, 'yan Senegal suna ta kwarara filin wasa na Al Thumama, Gado ya tara su a lungun ɗakin ajiya: manaja yana duba agogo, Mai Hanci, Bawah da rigar kicin, Shamsu, Malam Mijinyawa da carbi, sai Ɗalhatu da aka fito da shi, kwana biyu sun ramar da shi kamar ya yi jinya. Gado ya ce abu ɗaya yake roƙo, kowa ya shiga ciki, a can zai yi magana. Shi ya tsaya a gefen ƙofa, idonsa a ƙasa.

Manaja ya wuce fuu. Bawah ya tsallake ya hau katako yana gunaguni. Shamsu ya toshe hanci ya tsallake. Ɗalhatu, da ya saba shiga yayyafa ruwa, ya tsallake ko kallon ƙasa bai yi ba. Malam Mijinyawa ya zo ƙarshe. Da ya iso dokin ƙofa ƙafar damarsa ce a gaba. Ya ɗan tsaya, ya tattare bakin wandonsa, leɓɓansa suka motsa, ya mayar da damar baya, ya zura hagu. Ta sauka a yashi, daidai cikin ramin da ta riga ta saba sauka.

“Tsaya nan, Malam,” in ji Gado. “Kada ka ɗaga ta.”

Ya durƙusa ya haska. Ya yi bayani da Turancinsa mai gargada don manaja ya ji, sannan ya maimaita da Hausa don ta shiga inda yake so ta shiga. Sawu sun fi talatin a wannan ɗan yashin, masu kallon ciki da masu kallon waje, kuma duk na hagu ne, ko ɗaya babu na dama. Mutum ne da yake shiga da hagu ya fita da dama, kamar yadda aka koya mana shiga banɗaki tun muna yara, shi ya sa shiga da fita hagun ce ke taka yashi. Ɓarawo ba ya tsayawa gyara ƙafa. Ɓarawo ba ya wanke kwalba har sai najasa ta fita. Ɓarawo ba ya hana zoɓo sukari don tsoron kada ya zama giya. Kuma ɓarawo ba ya zubar da kayan da ya sata a magudana. Ba a sayar da ko kwalba ɗaya ba, tsiyaye su aka yi, biyu yau, uku gobe, a awar cin abincin Ɗalhatu.

Mijinyawa bai musa ba. Ya ɗaga kai ma, har da wani guntun murmushi. Ya ce tun ranar da aka sa su sauke kwalayen nan daga mota lokacin korona bai ƙara samun natsuwa ba. Da ya ji Baturen nan yana cewa sai ta shekara goma ana renonta, kamar wata 'yar gata, ya ga ba zai iya shekara goma yana gadin haram ba. Ya ɗauka ja ja ne, mashayi ba zai bambance ba, kuma duk wanda ya sha zoɓon an tsirar da shi daga kofi ɗaya.

“Don Allah na yi, Gado. Ba don kaina ba.”

Nan ne Gado ya fashe. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya a otal ɗin nan, ranar har kwalabe sai da suka amsa.

“Don Allah? To kwana biyun da yaron nan ya yi a kulle, shi ma don Allah ne? Zoɓon da ka ɗiba a lokarsa, don Allah ne? Da ka ga abin ya dame ka, sai ka ajiye musu yunifom ɗinsu ka nemi wani aiki, ko ka tsaya a gaban manaja ka ce ni na zubar, ku yi abin da za ku yi. Wallahi da ka yi haka da ni zan ɗaukar maka jaka zuwa filin jirgi. Amma ka zubar a ɓoye, ka bar uwar wani tana kuka a Funtuwa, sannan ka ɗaga hannu ka ce mu yi masa addu'ar shiriya, mu kuma shashashai muka ce amin.”

Murmushin ya ɓace. Mijinyawa ya buɗe baki, ya ce ya yi niyyar magana, yana jiran lokacin da ya dace. Gado ya ce la'asar ai saura awa ɗaya, wane lokaci yake jira, sai jirgi ya tashi?

Manaja ya ɗauko waya zai kira 'yan sanda. Gado ya ɗaga masa hannu, ya ce minti biyu. Ya zaro tasa wayar, ya buɗe zauren 'yan gida inda aka fara yaɗa maganar, ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai bakin Mijinyawa. Ya ce ya faɗi sunansa da na ubansa da abin da ya yi, kuma ya faɗi cewa Ɗalhatu bai san komai ba. Sai da ya sa shi ya maimaita sau biyu, don na farkon muryar ba ta fita ba.

Mai Hanci duk wannan bai dame shi ba. Yana can yana shafa kwalaben da suka rage, yana cewa ba mai ƙara taɓa su sai nan da shekara bakwai. Ya juyo ya ce wa Ɗalhatu ya koma bakin aikinsa, makulli na nan. Ɗalhatu ya kalli makullin, ya ce a ba wani. Gara a kai shi bakin titi cikin rana ya riƙa nuna wa motoci hanya.

*

Aka kira la'asar. A wurin ajiye motoci an shimfiɗa kwalaye, mutum goma sha tara sun jeru, kwalin gaba na liman ba kowa. Kowa na kallon ƙasa. Can sai wanda ake zargin shi ya fara tura saƙon nan gida ya yi gyaran murya, ya ce ai Ɗalhatu ya fi su karatu, shi ya kamata ya ja su. Nan da nan aka ɗauka, ana tura shi gaba, ana cewa bismillah Malam Ɗalhatu.

Ɗalhatu ya zame kafaɗarsa daga hannunsu. Ya ce ya kira Inna, ta saurari saƙon, ta ce ta gode Allah, amma maƙwabtan da suka zo jaje shekaranjiya ba wanda ya dawo ya ji na biyun. Ya ɗauki kwalinsa, ya ja shi can gefe kusa da wata motar ɗaukar kaya, ya tayar da sallarsa shi kaɗai.

Gado ya dubi sahun, ya dubi kwalin gaba. Ya sunkuya ya ɗauki nasa, ya bi bayan ƙanin matarsa, ya tsaya a damarsa har kafaɗunsu suka haɗu.